AWON TURJIYAR ƘASA KAFIN A HAƘA RIJIYAR BURTSATSE: YADDA AKE GIRKA NA'URA DA YADDA AKE KULA DA ITA

Gabatarwa

Tun bayan farin da aka yi a shekarun 1972 zuwa 1974, wanda ya ƙafar da rijiyoyi da tafkuna, ya halaka dabbobi masu yawa a arewacin ƙasar nan, hankalin hukuma da na jama'a ya koma kan ruwan da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa. A shekarar 1976 aka kafa hukumomin raya koguna guda 11, daga nan kuma haƙar rijiyoyin burtsatse ta yi ta yaɗuwa har ta kai birni da ƙauye. Sai dai rijiyar burtsatse aba ce mai cin kuɗi. Sau da yawa mutanen gari sukan yi karo-karo, a ɗauko motar haƙa daga nesa, a kwana biyu ana aiki, a ƙarshe ƙura kawai za ta fito. Kuɗi sun tafi, ruwa bai samu ba, mata da yara kuma su ci gaba da tafiya rafi da tulu.

Ana iya rage irin wannan asara idan aka auna ƙasa tukuna. An shirya wannan darasi ne domin ma'aikatan ruwa na jihohi da ƙananan hukumomi, da ɗalibai, da shugabannin ƙungiyoyin raya karkara, domin su san yadda na'urar awon take aiki, da yadda ake girka ta a fili, da yadda ake adana ta har ta daɗe tana amfani.

Mece ce turjiyar ƙasa?

Wutar lantarki ba ta ratsa kowane abu da sauƙi iri ɗaya. Tana bin wayar tagulla ba da wahala ba, amma roba da busasshen itace sukan turje mata. Wannan hali shi muke kira turjiya. Wani masani Bajamushe mai suna Georg Ohm ya bayyana ƙa'idarta a shekarar 1827, watau idan aka raba ƙarfin turin wuta da yawan wutar da ke gudana, abin da ya fito shi ne turjiya. Don tunawa da shi ake kiran ma'auninta om. Idan kuwa ƙasa ake aunawa, ma'aunin da ake amfani da shi shi ne om-mita.

Yawancin duwatsu ba sa barin wuta ta bi cikinsu. Ruwan da ke cikin ƙofofinsu da tsagoginsu, tare da gishirin da ya narke a ciki, shi ne ke ɗaukar wutar. Saboda haka dutse marar tsaga da busasshen yashi da busasshiyar marmara turjiyarsu takan kai om-mita dubu ko dubbai. Yashi da tsakuwa masu riƙe da ruwan daɗi sukan ba da gommai zuwa 'yan ɗaruruwa. Yumɓu mai laima yakan sauko ƙasa da 20 sau da yawa. Ruwan teku kuwa bai wuce kimanin 0.2 ba.

Wani injiniya Bafaranshe, Conrad Schlumberger, shi ne ya fara gwada wannan dabara a fili a yankin Normandi na ƙasar Faransa a shekarar 1912. A shekarar 1915 kuma Frank Wenner na ƙasar Amurka ya fito da tasa hanyar. Har yanzu da sunayen mutanen nan biyu ake kiran manyan hanyoyi biyu na jera turakun awo. Ban da neman ruwa, ana yin wannan awo kafin a binne wayar da ke kai wuta ƙasa a jikin taransifoma, da kafin a shimfiɗa bututun ƙarfe, don a san ko ƙasar mai cin ƙarfe ce. Masu tonon kayan tarihi su ma suna amfani da shi wajen gano ganuwa da tushen gini da ƙasa ta rufe.

Abin da ya sa awon ya zama wajibi a Nijeriya

Kimanin rabin ƙasar nan a kan tsohon dutse mai tauri take zaune, kamar yadda yake a yawancin jihohin Kano da Kaduna da Filato da Oyo da Osun da Ekiti da kuma Abuja. A irin waɗannan wurare ruwa ba ya shimfiɗe ko'ina. Yana taruwa ne a inda saman dutsen ya ruɓe ya yi kauri, ko inda dutsen ya tsage. Ana iya samun ruwa a nan, a matsa taku hamsin a tarar da dutse zalla.

Sauran rabin ƙasar yashi ne da yumɓu da suka kwanta hawa-hawa, kamar a yankin Sakkwato da yankin Tafkin Chadi da Bida da kwarin Binuwai da bakin teku. A can ma akwai abin dubawa. A gaɓar Legas da yankin Neja Delta ruwan teku yakan kutsa cikin ruwan ƙasa. A Awe da Keana na jihar Nasarawa, da Uburu da Okposi na jihar Ebonyi, akwai ruwan gishiri a ƙasa tun asali. A wajen Nsukka kuwa ruwa yana da nisa ƙwarai. Awo ne zai taimaka a san zurfin da za a tsaya da wanda za a wuce.

Kayan aiki

1. Na'urar awo. Akwati ce mai tura wuta cikin ƙasa, ta kuma auna abin da ya dawo. Daga cikin waɗanda aka sani akwai ABEM Terrameter ta ƙasar Suwidin da Syscal ta ƙasar Faransa.
2. Batir mai bolt 12, irin na mota ko wanda ya zo da na'urar.
3. Turakun ƙarfe huɗu, da wasu na ko-ta-kwana. An fi son na ƙarfen da ba ya tsatsa.
4. Wayoyi huɗu a kan manaɗinsu, dogaye biyu da gajeru biyu, da 'yan kilif na kama turke.
5. Guduma biyu ko fiye, da tef na awo biyu masu mita 100.
6. Jarkar ruwa da gishiri, da laima, da safar hannu da takalman roba.
7. Wayar oba-oba ko usur, da na'urar GPS, da littafin rubuta awo.

Ana bukatar mutum biyar aƙalla: ɗaya a kan na'ura, biyu a kan turakun nesa, biyu kuma a kan turakun tsakiya da jan tef.

Kafin a fita fili

Ma'aikaci nagari tun daren jiya yake fara aikinsa. A cika batir da caji, a auna shi. Cikakken batir yakan nuna bolt 12.6 ko sama da haka kaɗan. Wanda ya sauko kusa da 12 ba zai kai yamma ba. A gwada na'urar da ɗan magwajin turjiya da aka san adadinsa. Idan an rubuta om 10 a jikinsa, na'ura kuma ta nuna wani abu dabam mai nisa, to, kada a fita da ita.

Da isa gari, a fara zuwa wurin dagaci ko mai unguwa a yi gaisuwa, a bayyana abin da ya kawo ku. A nemi izinin masu gonaki. A zauna da dattawa da masu haƙar rijiya na garin, a tambaye su zurfin rijiyoyinsu, da irin ƙasar da suka tarar, da rijiyar da ba ta ƙafewa da rani. Wannan bayani yana da daraja ƙwarai, domin da shi za a gwada gaskiyar abin da na'ura ta nuna.

Zaɓen layi

A nemi fili miƙaƙƙe wanda ba shi da tudu da gangare sosai. A nisanci wayoyin wutar lantarki da taransifoma, da shingen waya, da layin dogo, da bututun ƙarfe da aka binne, domin ƙarfe yakan janye wutar ya ɓata lissafi. Idan ba makawa, layin awo ya gicciye su, kada ya bi tsawonsu. Haka kuma kada a ɓata lokaci a kan wurin da bai dace da rijiya ba tun farko. Rijiyar sha tana bukatar ta nisanci masai da juji da makwantar dabbobi da mita 30 aƙalla, ta kuma kasance a sama da su idan akwai gangare.

Tsawon layi shi ke nuna zurfin da za a iya kaiwa. A ƙiyasce, zurfin da awo ke gani ya kai kamar kashi ɗaya cikin biyar na tazarar da ke tsakanin turakun nesa guda biyu. Mai son ya san abin da ke mita 40 a ƙasa yana bukatar layi mai mita 200, watau 100 dama, 100 hagu.

Girka na'ura

Turakun nan huɗu kowanne da sunansa. Na waje biyu, A da B, su ne ke tura wuta cikin ƙasa. Na ciki biyu, M da N, su ne ke auna ta. Ga yadda ake yi bisa hanyar Schlumberger, wadda aka fi amfani da ita wajen neman ruwa:

1. A kafa alama a tsakiyar layi, a rubuta wurin da GPS, a ja tef ɗaya dama ɗaya hagu, su miƙe sak.
2. A ajiye na'ura kusa da tsakiya a kan tabarma ko katako, a kafa mata laima. Rana tana dusashe fuskarta, zafi kuma yana gajiyar da batir.
3. A kafa M da N, kowanne rabin mita daga tsakiya. A kafa A da B, kowanne mita 3 daga tsakiya. Ƙa'ida ita ce tazarar M da N kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na tazarar A da B.
4. A buga turaku su kama ƙasa sosai. Idan tazara ƙarama ce kada a nutsar da su da yawa. Idan ta yi nisa sai a ƙara musu zurfi.
5. A haɗa kowace waya da mazauninta. Kada wayar A ko B ta hau kan ta M ko N, kada kuma manaɗin waya ya zauna cikin ruwa ko jiƙaƙƙiyar ciyawa.
6. Mai na'ura ya yi kira, kowa ya ɗauke hannu ya amsa, sannan a tura wuta.
7. A karanta awo sau biyu ko uku. Idan sun yi kusa da juna, a rubuta. Idan lambobi suna tsalle, a nemi dalili.
8. A kashe wuta, a matsar da A da B zuwa mita 4, sannan 6, 8, 10, 15, 20, 30, 40, 60, 80, har 100.
9. Yayin da A da B suka yi nisa, abin da M da N ke ji yakan yi rauni. Sai a buɗa su, misali zuwa mita 2 idan A da B sun kai 15, zuwa mita 10 kuma idan sun kai 60. Duk lokacin da aka buɗa su, a yi awo a tsohon wurinsu da sabon wurinsu kafin a matsar da A da B, domin a iya haɗa sassan zanen daga baya.

Bisa hanyar Wenner kuwa, tazarar da ke tsakanin turaku huɗun daidai take, kuma duka ake matsar da su tare. Ta fi dacewa idan ana son a bi fili a tsawonsa a gano inda ƙasa ta sauya.

Matsalar rani

Da hunturu da bazara saman ƙasa yakan bushe ƙayau, wuta ta kasa shiga, na'ura ta riƙa nuna alamar kuskure. Maganinsa shi ne a tone busasshen saman, a zuba ruwa mai ɗan gishiri a gindin turken, a sake buga shi. Idan bai isa ba, a kafa turaku biyu ko uku kusa da juna a gicciyen layi, a haɗa su da waya ɗaya. Amma a lura idan turaku suna kusa da juna, kada ruwan wannan ya malala ya haɗu da na wancan.

Lissafi da fassara

Abin da na'ura ke nunawa om ne. Sai an ninka shi da wani adadi da ya dogara ga tazarar turaku kafin a sami om-mita. Na Wenner ya fi sauƙi: a ninka 2 da 3.14, da tazara, da abin da na'ura ta nuna. A ce tazara mita 10 ce, na'ura ta nuna om 1.5. To, 2 sau 3.14 sau 10 sau 1.5 ya ba da om-mita 94.2. Na Schlumberger akwai jadawalinsa, ya kamata a manna shi a bangon littafin awo. Na'urorin zamani da yawa suna yin lissafin da kansu, amma wajibi ne ma'aikaci ya iya yi da hannu.

A zana kowane awo a takardar zane mai ma'aunin ninki goma-goma tun ana fili, kada a bari sai an koma ofis. Zane mai kyau yakan tafi sumul. Idan ɗigo ɗaya ya fita daga sahu, a sake auna shi nan take. Idan kuwa zanen ya miƙe sama da tsayuwar da ta wuce digiri 45, akwai kuskure, ko waya na yoyon wuta, ko wani abu a gefe ya shiga awon, domin ƙasa mai hawa-hawa ba ta ba da irin wannan.

A yankin dutse, zanen da ake fata shi ne wanda ya fara a sama saboda marmara, ya sauko ya daɗe a ƙasa saboda ruɓaɓɓen dutse mai ruwa, sannan ya sake hawa inda ya tarar da dutse mai tauri. Gwargwadon jinkirin hawansa, gwargwadon kaurin wurin da ruwa ke taruwa.

Abin lura a nan shi ne na'ura ba ta ganin ruwa, turjiya kawai take aunawa. Yumɓu yakan ba da ƙaramin adadi, yana kuwa riƙe ruwa ya hana shi fita. Ruwan gishiri shi ma ƙaramin adadi yake bayarwa. Wanda ya ce duk inda adadi ya fi sauka nan za a haƙa, zai jefa mutane cikin asara. Saboda haka a auna wurare uku ko fiye a gari ɗaya, a fara da gefen rijiyar da aka san halinta, sannan a miƙa sakamako ga masanin ƙasa da duwatsu mai rajista ya fassara, ya rubuta rahoto ya sa hannu.

Kare lafiya

Ko da yake batir ɗin bolt 12 ne, na'urar tana ɗaga shi ya kai bolt ɗaruruwa, wanda zai iya kashe mutum. Kada kowa ya taɓa turke ko waya sai mai na'ura ya ce an kashe. A sa mutum ya tsare kowane turke na nesa, a kori yara, a roƙi makiyaya su kewaya da dabbobinsu. Idan waya ta ƙetare hanya, a tsayar da mai gadi. Da zarar hadari ya taso aka ji tsawa, a cire wayoyi daga na'ura a bar fili, domin doguwar waya a sarari tana jawo aradu.

Kula da kaya

Na'ura. A goge ta da busasshen ƙyalle kowace yamma, a share ƙura daga mazaunin wayoyi da ɗan buroshi. A ɗauke ta cikin akwatinta mai soso, a ɗora a kujera, kada a jefa ta bayan a-kori-kura tare da guduma da turaku. Kada a bar ta cikin rufaffiyar mota a rana. A kudancin ƙasar nan, inda laima ta yi yawa, a sa ƙunshin maganin tsotse laima a akwatin. Idan ta lalace kada a kai wa mai gyaran rediyo, a mai da ita ga wakilin kamfanin da ya ƙera ta.

Batir. A yi masa caji da zarar an dawo. Batir irin na mota idan ya daɗe ba caji yakan mutu, ba ya kuma farfaɗowa. Ko ba a aiki, a yi masa caji wata-wata. A cire shi daga na'ura idan za a daɗe ba a fita ba. A kula da jan kai da baƙin kai wajen haɗawa.

Wayoyi. Yawancin awon da ke lalacewa daga nan ne. Ƙaya da duwatsu da tayar babur suna yanke robar, ɓeraye kuma suna ci a sito. Wuta takan zurare ta wurin yankan ta shiga ƙasa, na'ura ta ba da lambar ƙarya ba tare da wata alama ba. A riƙa naɗe waya ana bin ta da ƙyalle a hannu, duk inda aka ji kaushi a tsaya a duba. Ƙaramin yanka a naɗe shi da salatif na lantarki. Babba kuwa a yanke, a haɗa da dalma, a rufe da kyau. Mako-mako a gwada kowace waya da mitar masu gyaran lantarki don a tabbata ba ta tsinke a ciki ba. A rataye manaɗai a sama, a wuri busasshe.

Turaku da kilif. A wanke gishiri da laka, a shanya, a goge tsatsa da samfefa, musamman inda kilif ke kamawa. A miƙar da wanda ya tanƙware, a gyara kan da guduma ta fasa don kada ɓarɓashinsa ya shiga ido.

Littafin kaya. A rubuta ranar fita, da wanda ya ɗauka, da abin da ya lalace, da ranar gyara. A ƙirga kaya kafin a bar fili. Kayan da ba su da mai lura da su guda ɗaya ba sa shekara.

Kira ga jama'a

Idan garinku zai haƙa rijiya, ku ware kuɗin awo tun farko, domin kaɗan ne idan aka gwada da kuɗin haƙa. Ku nemi kofin rahoton ku ajiye. Ku tsaya a haƙa a daidai inda aka kafa alama, kada a matsar da ita ƙofar gidan wani don neman alfarma. Bayan haƙa ku nemi a gwada yawan ruwan da famfo, a kuma kai shi ɗakin gwaji kafin a fara sha. Masu son koyon aikin suna iya neman bayani a hukumar ruwa ta jiharsu, ko Cibiyar Nazarin Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin turakun A da B, mene ne kuma na M da N?
2. Don me ƙaramin adadi ba koyaushe yake nufin ruwan sha ba?
3. Bisa hanyar Wenner, idan tazara mita 20 ce, na'ura ta nuna om 0.5, om-mita nawa ke nan?
4. Faɗi abubuwa huɗu da ya kamata layin awo ya nisanta.
5. Yaya ake gane wayar da ta lalace, yaya kuma ake gyara ta?